Tsatsa a Idon Mai Walda

Hankici uku Tela ta yanka wa mijinta daga ragowar yadi a cikin mako guda, kuma duk hankicin da ya fita da shi da safe, jiƙe sharkaf yake dawowa da yamma. Idonsa na dama ne ke zubar da ruwa. Ba kuka yake ba, ba kuma ciwo yake ji ba. Yana cin abinci ruwan na bin gefen hancinsa, yana magana yana gangarowa cikin gemunsa, shi kuwa sai ya share kamar gumi ya ci gaba da zancensa.

Shi ya laƙaba mata Tela tun suna sabon aure, saboda keken ɗinkinta da ba ya hutawa, har maƙwabta suka ɗauka. Shi kuwa mai walda ne, shekara talatin da ɗoriya yana haɗa ƙarfe da ƙarfe. Amma a layin masu walda ba ƙofofi da tagogin da yake ƙerawa ne suka yi masa suna ba, cire haki ne. Duk wanda ɓurɓushin ƙarfe ya faɗa wa a ido, rumfarsa ake jawo shi yana ihu. Sai ya zaunar da shi a benci, ya buɗe idon da yatsu biyu, ya kawo wani maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar sifika, nan take ka ga baƙin abu ya yi tsalle ya manne. Ba ya karɓar komai sai yabo, shi kam ba ya ƙoshi da shi. Ƙa'idarsa guda ce, duk layin sun haddace ta: in akwai ƙarfe a idon mutum, ba sai an tambaye shi ba, ihunsa zai faɗa. Wanda ya zo yana murmushi ya ce kamar wani abu ya shiga, korarsa yake yi ya je ya wanke fuska.

Abin da ya hana Tela sakin jiki shi ne ɗayan idon. Shekara goma sha ɗaya mai walda yana fama da ciwon suga, kuma tuni ciwon ya cinye rabin ganin na hagu. Da shi yana gane mutum ya shigo, amma ba ya gane ko dariya yake ko fushi. Na daman ne ke awo, shi ke bin layin alli a kan ƙarfe, shi ke tuƙa babur. Idan na daman ya tafi, mutumin ya zauna ke nan. Shi ma ya san haka, sai dai irin mazan nan ne da za su yini suna lallashin inji don ya canza ƙara, amma jikinsu sai ya faɗi ƙasa suke yarda ya lalace. Maganinsa yana sha ran da ya tuna. A gida shayi ba suga yake sha yana ɓata fuska, a rumfa kuwa, matar ƙanensa ta tsegunta mata cewa cokali uku ake zuba masa.

"Baban yara, yau kwana takwas ke nan," ta ce masa wata safiya tana miƙa masa kofi. "Idon nan bai daina ba."

"Hasken walda ne, Tela. Wa ke sana'ar nan idonsa bai yi ruwa ba?"

"Na hasken walda kwana biyu yake yi, kuma da raɗaɗi yake zuwa. Ni ke ɗora maka tsumma mai sanyi, ai na sani."

"To kin ga wannan mai sauƙi ne ke nan, tunda babu raɗaɗin."

Da yamma ya dawo da 'yar kwalba daga kemis ɗin da ke bakin layinsu. Maganin da duk masu walda ke ɗigawa ne in ido ya yi ja, ba a neman takardar likita, nuna idonka kawai za ka yi a miƙo maka. Shi bai iya ɗigawa da kansa ba, kullum a kunci yake zubarwa, don haka aikin ya koma hannunta. Safe da yamma zai kwantar da kansa a hannun kujera, ta buɗe idon ta ɗiga biyu. Cikin kwana biyu ɗan jan da idon ya yi ya washe, ya koma fari tas. Mai walda ya riƙa buɗe mata shi yana cewa ta duba da kyau, ta gaya masa asibitin da zai yi saurin haka. Ruwan dai bai tsaya ba.

A rana ta huɗu da fara maganin ta ga abin. Ta jawo kujerar kusa da taga don hasken safiya ya taimaka mata, ta buɗe idon, sai ta tsaya da kwalbar a sama. Tela har yau ba ta sa tabarau in za ta zura zare a allura, kuma ɗinkin da ya karkace da ƙwaya ɗaya ba ya wuce ta. A kan baƙin idon, gefe kaɗan da tsakiya, akwai wani ɗigo da bai kai kan allura ba, launin tsatsa.

"Akwai abu a idon nan."

"Me?"

"Ɗan ɗigo. Kamar ƙarfe."

Dariya ya yi har kansa ya zame daga hannun kujerar. "Ƙarfe! Tela, ni za ki gaya wa ƙarfe? Kin manta wancan karon?"

Ba ta manta ba. Shekara goma sha biyar da suka wuce ɓurɓushi ya taɓa shiga masa, aka kawo shi gida mutum biyu na riƙe da shi, ƙato guda yana birgima a tsakar ɗaki yana kiran uwarsa da ta daɗe da rasuwa. Ta dubi wannan da ke kwance yana dariya, ido a buɗe yana fuskantar taga ko ƙiftawa ba ya yi, sai ta ji kunyar maganarta. Wata ƙila tabon wancan ne. Ta ɗiga maganin ta rufe kwalbar.

Da ba don safa ba, da ta bar zancen. Ranar wanki ta ɗago safarsa ta ga huda a sama, bakin hudar ya ƙone ya yi tauri. Da ya dawo ya zauna cin abinci, ta durƙusa ta jawo ƙafarsa. A bayan ƙafar akwai ƙuna mai faɗin babban farce, ta yi bororo har ta fashe.

"Yaushe ka ƙone?"

Ya leƙa yana kallon wurin kamar ƙafar wani ce aka aro masa. "Kai! Ashe tartsatsi ya shiga takalmin. Wallahi ban ma sani ba." Ya ɗauki cokalinsa. "Fatar masu walda ke nan, ta saba da wuta."

Ta wanke masa, ta ɗaure, ta koma ɗakin ɗinki ta zauna. Ƙafarta na kan keke, rigar wata mata na ƙarƙashin allura, amma ko ɗinki ɗaya ba ta yi ba. Wuta ta ci fatar mutum har ta tashi bororo bai ji ba. Idan ƙafa za ta iya yin shiru haka, me zai hana ido? Tsoro ya kama ta sosai.

Washegari da hantsi ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta bi shi wurin aiki. Tun daga bakin layin ƙarar guduma da injin gogar ƙarfe suka cika mata kunne, warin ƙonannen ƙarfe ya cika mata hanci, shuɗin haske na walƙiya ta kowace rumfa har sai da ta kare fuska da hannu. Ta same shi a sunkuye a kan wata ƙatuwar ƙofar makaranta da aka ba shi aikinta, yana goge bakin haɗi, tartsatsi na tashi yana wuce kunnensa. Baƙin gilashin walda yana goshinsa. Farin gilashin da ake sawa lokacin guga kuwa yana rataye a ƙusa, ya yi datti har an daina ganin ta cikinsa, don ya ce gumi yake tara masa.

Ƙanensa ne ya fara ganinta. Tare suke aiki, shi ma ya fara furfura, amma har yau in yayansa ya yi tari sai ya miƙe. Ya kashe inji yana washe baki.

"A'a, matar Yaya da kanta! Lafiya? Ko keken ne ya karye a yi masa walda?"

"Idon yayanka na zo ka duba. Ni na ce akwai ƙarfe, ya ce babu. Kai ka ga yadda ake cirewa, ka gwada masa maganaɗisun."

Kafin ta rufe baki maƙwabtan rumfa sun fara taruwa. Abin kallo ya samu: yau mai cire haki za a cire wa haki. Mai walda ya dube ta, ta ga ransa ya ɓaci, amma a gaban mutane sai ya mayar da abin wasa. Ya zauna a bencin da ya saba zaunar da wasu, ya ɗaga kai, ya buɗe idon da kansa. Ƙanen ya goge hannu a wando, ya haska fitilar wayarsa, ya daɗe yana leƙe.

"Akwai ɗan tabo kam," ya ce a hankali.

Ya kawo maganaɗisun kusa, ya juya shi, ya sake matsowa har ya kusa taɓa gashin idon. Babu abin da ya yi tsalle.

"Yaya, kana jin zafi?"

"Ko kaɗan."

"Tsikari fa? In ka ƙifta?"

"Na ce maka babu."

Ƙanen ya miƙe ya juyo wurinta yana buɗe hannuwa. "To kin ji. Da ƙarfe ne, da tun daga bakin titi za ki jiyo shi. Tsohon tabo ne, kowa a nan yana da irinsa."

"Ƙafarsa ta ƙone bai ji ba," ta ce. "Jiya na gani."

"Ƙafa daban, ido daban, Hajiya," wani dattijo mai ƙera tagogi ya ce. "Ido ko gashi ne ya shiga sai ka sani." Wani ya ce Tela dai ta koma ga allurarta, su ma ba sa zuwa koya mata yanka wuyan riga. Aka yi dariya, ba ta mugunta ba ma, irin dariyar mutanen da suka tabbata da abin da suka sani. Mutum bakwai, kowanne ya fi shekara ashirin a sana'ar, duk bakinsu ɗaya. Ita kuwa hujjarta safa ce mai huda.

Mai walda ya raka ta har bakin layin. Sai da suka yi nisa da mutane ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Kin gama kunyata ni? To koma gida. In na miƙa ƙofar nan zan je asibitin don hankalinki ya kwanta, na yi musu alkawari kafin yara su koma."

Kwana goma sha ɗaya ƙofar ta ƙara ɗauka. A cikinsu Tela ta ga ɗigon ya yi wani farin zobe a kewayensa, ta ga zoben yana faɗaɗa, ta kuma ci gaba da ɗiga maganin safe da yamma. Ta yi magana sau biyu, ya ce fenti kawai ya rage. Daga nan ta yi shiru, don dariyar layin nan ba ta bar kunnenta ba, kuma ɗiga maganin shi ne kaɗai abin da ke sa ta ji tana yi wa idon wani abu.

Ranar da za a zo ɗaukar ƙofar ya tashi kwantsa ta liƙe idon. Ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta wanke a hankali har ya buɗe. Ya ƙifta, ya juya kai.

"Ɗaga labulen mana."

"A ɗage yake."

Ya sa tafin hannu ya rufe na hagu, ya fuskanci taga. Ya daɗe a haka. Rana ta shigo har kan gwiwarsa. Da ya sauke hannun, murya ce ta fito wadda ba ta san shi da ita ba.

"Tela, shirya mu tafi."

A sashen ido na asibiti suka zauna a dogon benci tun safe har rana ta take, tsakanin tsofaffi masu bandeji da wata uwa mai goyo. Ma'aikaciyar jinya ta soki yatsansa ta ɗiga jinin a 'yar na'ura, ta dubi lambar, ta dube shi, ta tambaya ko ya sha maganinsa yau. Ya ce jiya dai ya sha. Tela ta san ba jiyan ba ce, amma ba ta tona shi ba.

Likitar mace ce, ba za ta girmi babbar 'yarsu ba, abin da ya sa ya ƙara tsuke fuska. Ta sa ya ɗora haɓa a kan na'ura, ta ɗiga masa wani ruwa rawaya, ta haska shuɗin haske. Ta daɗe tana dubawa.

"Baba, wace sana'a kake yi?"

"Walda."

"Akwai ƙarfe a idon nan. Ya yi makonni, har ya yi tsatsa ya nutse. Kewayensa kuma ya zama gyambo."

"'Yata," ya ce, haɓarsa na kan na'urar, "shekara talatin ina cire wa mutane ƙarfe a ido. Da akwai, da na ji."

Likitar ba ta yi musu da shi ba. Ta ɗauko auduga ta murza bakinta har ya yi siriri kamar zare, ta ce wa Tela ta matso ta ba ta idonta. Ko taɓawa ba ta gama yi ba Tela ta runtse ta ja da baya, hawaye ya cika mata ido. Likitar ta murza sabuwa, ta ce wa mai walda ya kalli bango. Ta zo ta gefe ta ɗora bakin audugar a kan baƙin idonsa, ta ja ta a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Idon na buɗe, bai motsa ba.

"Ka ji wani abu, Baba?"

"Kin taɓa ne?"

Likitar ta ajiye audugar ta zauna. Ta ce suga in ya daɗe a sama, ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi yake kashewa, na ƙafa da na ido duka. Idon da ba ya ji ba ya sanin ya bushe, ba ya ƙiftawa yadda ya kamata, ruwan da ke jiƙa shi ma ba mai kyau yake fitowa ba. Shi ya sa masu suga da yawa za ka ga idonsu na tsiyaya, alhali bushewa ce ta kawo haka. Wasu kuma ƙwayar cuta ce, wasu rauni ne da ba su san da shi ba, ga shi raunin mai suga ba ya saurin warkewa.

"Naka duk sun haɗu," ta ce. "Idon ba shi da sauran hanyar yi maka ihu, wannan ruwan kaɗai ya rage masa. Kun ɗiga wani abu?"

Tela ta buɗe jaka ta miƙa kwalbar, har da ɗan alfahari, don a ga ba zama suka yi ba. Likitar ta karanta jikinta, ta rufe ido na ɗan lokaci.

"Kwana nawa?"

"Ya kai mako uku. Safe da yamma, ban taɓa tsallakewa ba."

"Mama, wannan yana kwantar da ja ne kawai. Amma in akwai rauni, ɗaure wa jiki hannu yake yi, ƙwayar cuta ta ci yadda take so. Ba a ɗiga shi sai an duba ido." Ta ga fuskar Tela, ta sassauta murya. "Ba ki sani ba. Da yawa haka suke zuwa mana."

Tela ta ji maganar, amma ba ta shige ta ba. Ita ta ga ɗigon kafin kowa, ita ta gane abin da ƙunar ƙafar ke nufi, kuma da hannunta, a kan lokaci, ba fashi, ta riƙa ciyar da abin da ke cin idon. Ta so ta juya ta zazzage wa mijin duk abin da ke cikinta, sai ta gan shi zaune da hannuwa a kan gwiwa kamar ɗalibin da aka kora, ta fasa.

A ranar aka kankare ƙarfen. Likitar ta ɗora shi a kan farar auduga, bai kai ƙwayar gishiri ba. Mai walda ya ce a nuna masa. Aka kawo dab da idonsa na hagu, ya juya kai ta nan, ya juya ta can, ya ce a bar shi kawai.

Aka ba su gado. Kwana tara ana ɗiga masa magani kowace awa, ana yi masa allurar suga, ana auna abin da zai ci. Ƙanen ya zo a rana ta uku da ledar lemo, aka ce ba a yarda ba, ya tsaya riƙe da ita a gefen gado bai san inda zai ajiye ba.

"Yaya, ni na duba na ce ba komai," ya ce.

"Ni na koya maka," in ji mai walda.

A rana ta tara likitar ta ce an kashe cutar, ba sai an cire idon ba. Amma gyambon ya riga ya ci tsakiya, ya bar farin tabo mai kauri. Zai riƙa bambance haske da duhu, iyakarsa ke nan, kuma idon da ba ya ji ba ya karɓar aikin tiyata da sauƙi, don haka kada su sa rai da yawa. Ta ce yanzu na hagun ne dukiyarsa. A riƙe suga, a riƙa jiƙa idon da maganin da za ta rubuta, babu guga, babu walda, kuma duk ranar da ya fara ja ko tsiyaya a kawo shi a ranar, ba washegari ba. Ta so ta gwada na hagun da auduga, mai walda ya kawar da kai ya ce ya gaji, a bari sai sun dawo.

Suka koma gida. Ƙanen ya ɗauki rumfa, babur ɗin aka jingine shi a bango aka lulluɓe da tsohon zane. Mai walda ya koma zama a kujera a bakin ɗakin ɗinki, yana sauraron keke. Wani lokaci ya ce mata bel ɗin ya saki, ko wani wuri na son mai, kuma kullum gaskiyarsa ne. Shayi ba suga yanzu yake shanyewa ba ƙorafi, abin da ta yi shekara goma sha ɗaya tana roƙo, ga shi ta samu, bai kuma yi mata daɗin komai ba.

Sati biyu da sallamarsu, wata la'asar, tana kafa hannun riga ta ɗaga kai ta ga layin ruwa a kuncinsa na hagu. Ta tsayar da keken. Shi ma ya ji ɗumin a fatarsa, ya kai yatsa ya taɓa, ya murza shi da babban yatsa.

"Yanzu za mu tafi," ta ce, ta miƙe tana neman jakarta. "Likita ta ce a ranar."

"Za mu je. Ba zan yi miki gardama ba. Amma kafin mu fita, ɗauko auduga. Gara in ji a ɗakina da in ji a gaban yarinyar nan."

Ta wanke hannu da sabulu, ta ɓare sabuwar audugar da aka ba su a asibiti, ta murza bakinta siriri yadda ta ga an yi. Ya gyara zama, ya ɗaga kai, ya kafa idon a bango. Ta zo ta gefe. Ta ɗora bakin audugar a kan baƙin idon. Ta ɗaga, ta sake ɗorawa a wani wurin. Ta ja ta a hankali har ɗaya gefen.

Mai walda na zaune, ido a buɗe, ya riƙe hannun kujera gam yana jiran zafi.

"To taɓa mana, Tela," ya ce. "Me kike jira?"